Sashen masu ciwon sukari a asibitocin gwamnati: yabo da gyara

Yawancin manyan asibitocin gwamnati suna ware rana ɗaya ko biyu a mako don masu ciwon sukari. A fito da kati da sassafe, nas ta auna nauyi da hawan jini, a soki yatsa a duba sukari, sai zaman benci. Ƙwararrun likitoci suna nan, kuɗin ganinsu kuma bai kai na asibitin kuɗi ba. Wannan abin yabo ne.

Inda aikin ke yin rauni shi ne dogaro da awon safiya ɗaya tak. Marasa lafiya da yawa kan rage tuwo kwana biyu kafin ranar asibiti, awo ya nuna 6 mmol/L (ma'aunin sukari a jini) kamar sukari ya daidaita, likita ya bar magani yadda yake. Gwajin HbA1c ne ke bayyana matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, kuma ga mafi yawan manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7. Ya kamata a yi shi duk wata uku idan sukari bai daidaita ba, duk wata shida idan ya zauna. Tsadarsa ce ke sa ana tsallake shi. Mai sikila ko ƙarancin jini ya gaya wa likita, domin sakamakonsa yana iya karkacewa.

Ƙafa ce aka fi zalunta. Sashen da ya san aikinsa zai sa a cire takalmi da safa, a leƙa tsakanin yatsu, a duba kaushi da faso, a taɓa jijiyar bugun jini, sannan a danna tafin ƙafa da siririn zaren roba mai dannawa da ƙarfin giram 10. Wanda bai ji taɓawar ba, jijiyoyinsa sun fara mutuwa, zai iya taka ƙusa ya yini bai sani ba. Minti biyar ya isa wannan dubawa, amma layi idan ya yi tsawo ita ake fara yarwa, sai gyambo ya ci nama a koma maganar yanke ƙafa. Ido da ƙoda ma sau ɗaya a shekara ne: a ɗiga magani a duba bayan ido, a gwada furotin a fitsari da creatinine (sinadarin da ke nuna aikin ƙoda) a jini. Galibi takarda kawai ake rubutawa, babu mai bibiyar ko an je.

Koyar da allurar insulin ma da sauran gyara. Idan aka ja insulin U-100 (mai yunit 100 a kowace mililita) da sirinjin U-40 (wanda aka yi don mai yunit 40), mutum ya sha ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, sukari ya faɗi warwas. Kwalbar da aka buɗe tana yin kusan kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba. Inda babu wuta, a sa ta a leda a ajiye cikin damshin randa, kada ta daskare, kada rana ta taɓa ta.

Kafin azumi da mako shida zuwa takwas ya kamata a sake duba magani, musamman ƙwayar rage sukari ta glibenclamide ga tsofaffi, a kuma faɗa wa mutum ƙarara cewa idan sukari ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7 mmol/L, to ya karya azumin nan take.