Nomikai a Japan: a je a sha shayi, ko a ƙi zuwa?

Waɗanda ba sa shan giya kuma suka samu aiki a Japan suna yawan tambaya kan nomikai, walimar shaye-shaye da ma'aikata ke yi a izakaya, wato gidan abinci da giya, bayan tashi daga ofis.

Ta fuskar kuɗi, zuwa yakan ci yen 3,000 zuwa 5,000, kuma sau da yawa raba kuɗin ake daidai, wato mai shayin oolong ya biya kamar mai giya. Ƙin zuwa kyauta ne.

Hatsarin zuwa ya fi ɓuya a abinci. Naman alade na da yawa, ana kuma zuba mirin ko sake, nau'o'in giyar shinkafa, a miya. Abin sha da sinadarin giyarsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, dokar Japan ba ta ɗauke shi giya, don haka a duba ko an rubuta 0.00% a gwangwanin. Tun kafin a ce kanpai, kalmar da ake faɗa a ɗaga kofi a fara sha, a faɗa wa mai shirya taron cewa ba a shan giya, sannan a tsallake nijikai, zagaye na biyu, inda shan ke ƙaruwa.

Amfanin zuwa kuwa, a nan manya ke sakin baki.

Sabon ma'aikaci mai neman sabawa, halartar walimar maraba ta Afrilu da bonenkai, walimar ƙarshen shekara ta Disamba, ta ishe shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama wurin giya ba, ya ba da uzuri da wuri, ya nemi abokan aiki lokacin abincin rana.