Wasiƙa daga Shenzhen kan ƙananan aisin FPGA da inda ake sayensu

Assalamu alaikum ƙanina. Ina fata kana lafiya, da su Inna da Baba da sauran mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonka game da 'yar na'urar hannu da kake son haɗawa mai aiki da batir, kana tambayar wane aisi (IC, 'yar ƙwayar lantarki da ake liƙawa a fanel) za ka nema, kuma a wajen wa. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Aisin da ka saba cirewa a fanel ɗin waya an riga an yanke masa aikinsa tun daga masana'anta. Na caji, caji zai yi ta yi har ya ƙone. Shi kuwa FPGA fanko yake zuwa. A cikinsa akwai dubban ƙananan gurabe da ake kira LUT. A irin waɗanda muke magana a kai, kowane gurbi yana karɓar layin wuta huɗu, yana riƙe da amsa 16, wato amsa ɗaya ga kowane hali da layukan nan za su iya shiga. Kai ne za ka rubuta da yaren kwamfuta na Verilog ko VHDL yadda guraben za su haɗu da juna, ka loda masa, sai ya zama da'irar da ka zana. Gobe ka sauya ra'ayi, ka sake lodawa ba tare da ka taɓa dalma ba. Kamfanin Xilinx ne ya fara fito da shi a 1985, mai gurabe 64 kacal. Yau Xilinx yana hannun AMD tun 2022, Intel kuma ya sayi Altera a 2015, amma manyan kayansu ba su shafe mu ba. Waɗannan wuta suke sha ba kaɗan ba, wasu har fanka ake ɗora musu.

Amfanin ƙaramin a na'urar hannu shi ne ya bar babbar furosesa ta yi barci. Shi zai zauna a farke yana sauraron sensa ko makirfo ko maɓalli, sai abin da ake jira ya faru ya tashe ta. Wani lokaci kuma aikin tafinta yake yi tsakanin sikirin da furosesar da ba sa jin yaren juna. Masu kwance waya don nazari sun tarar da ɗaya na kamfanin Lattice a cikin iPhone 7 a 2016, don haka kada ka ɗauka kayan wasan ɗalibai ne.

Lattice ɗin nan yana jihar Oregon ta Amurka, kuma jerin iCE40 ya shigo hannunsa ne da ya sayi kamfanin SiliconBlue a 2011. A ganina shi ne ya fi dacewa da aikinka. Samfurin UltraPlus UP5K yana da LUT 5280, idan kuma yana zaune ba ya aiki, wutar da yake ja ba ta wuce maikiro'amf 75 ko kusa da haka ba. Yi lissafi da kanka: batir mai miliyamf 200 zai riƙe shi sama da kwana 100. Sai dai wannan adadi na zaman banza ne. Da zarar agogonsa, wato bugun wutar da ke tafiyar da aikinsa, ya fara bugawa, wutar na ƙaruwa gwargwadon saurin bugun da yawan guraben da ke motsi. Ga kuma 'yar ma'ajiyar filash da ake liƙa masa a gefe, domin yana mance zanensa duk lokacin da wuta ta yanke, dole ya sake karantowa. Akwai ma'ajiya ta dindindin a cikinsa, amma sau ɗaya tak ake rubuta mata. Kada ka kusance ta sai ka tabbata aikinka ya kammala.

Akwai kuma jerin IGLOO, wanda kamfanin Actel ya ƙirƙira, yanzu yake ƙarƙashin Microchip. Shi zanensa a jikinsa yake zaune, yana samun wuta yake kama aiki, kuma idan yana barci wutar da yake ja kaɗan ce ƙwarai. Sai na gida a nan, wato Gowin, da aka kafa a Guangzhou a 2014. Ƙananan nasa ma filash ɗinsu a ciki yake. Wani kamfanin Shenzhen mai suna Sipeed yana ɗora su a kan allon koyo da ake kira Tang Nano, kuma samfurin 9K yana da LUT 8640 da gurbin HDMI. Don koyo yana da kyau ƙwarai, ko da yake mai karanta Sinanci ya fi samun taimako a kansa, tunda galibin masu amfani da shi a nan suke.

To amma zaman da na yi a garin nan ya nuna mini cewa bambancin aisi da aisi bai kai bambancin hannun da za ka saya a ciki ba.

Manyan dilolin Amurka masu izinin kamfani, irin su Digi-Key da ke Minnesota da Mouser da ke Texas, ko guda ɗaya kake so za su sayar maka. Dubi yadda kayan ke isowa. Jaka ce mai ruwan azurfa, an zuƙe iskarta an liƙe baki. A ciki akwai ƙunshin maganin danshi da wani kati mai ɗigo-ɗigo shuɗaye, waɗanda ke komawa ruwan hoda idan raɓa ta shiga. A bayan jakar an buga lambar rukunin da aka ƙera da makon da aka ƙera shi. Ba ado ba ne. Jikin aisi yana tsotsar danshi, idan ka hura masa zafi a haka ruwan ya zama tururi ya tsaga shi daga ciki, kai kuma a waje ba za ka ga komai ba. Shi ya sa wanda ya daɗe a buɗe ake gasa shi a zafin digiri 125 kafin a liƙa. Aibin wannan hanya tsada da jira, ga takardun fitar da kaya da wani lokaci sai ka cike, ana tambayarka me za ka yi da shi. Amurka ba ta wasa da wannan fanni: a 2017 Shugaba Trump ya hana wani kamfanin zuba jari mai kuɗin Sin sayen Lattice.

Kasuwar Huaqiangbei ta nan Shenzhen kuwa wata duniya ce. Bene a kan bene, rumfa jikin rumfa, kowace faɗinta bai fi tebur ɗaya ba. Ka nuna wa mai rumfa lambar abin da kake so a wayarka, ta danna kalkuleta ta juyo maka da ita, ta aika saƙo ta WeChat, kafin ka gama duba kwalayen gabanka yaro ya sauko da kayan daga sito. Wannan sauri ban gan shi a ko'ina ba. A lokacin ƙarancin aisi na 2021 zuwa 2022, da diloli ke cewa a jira shekara guda, nan mutane suka yi ta samun abin da ya gagara. A lokacin ne kuma jabu ya yi yawa. Masu gaskiyar cikinsu za su tambaye ka tun farko: sabo dal kake so, ko wanda aka kwance daga tsohon fanel? Marasa gaskiya sukan kankare bayan tsohon aisi, su shafa baƙin fenti, su buga sabuwar lamba. Na taɓa tsayawa a wata rumfa wani injiniya ya fito da auduga da ruwan goge fenti daga jakarsa, ya murza bayan guda ɗaya, audugar ta yi baƙi ƙirin. Mai rumfar bai ce uffan ba, ya janye tiren ya ɗauko wani.

Tsakanin waɗannan biyu akwai LCSC, dila ta intanet a nan Shenzhen, 'yar uwar JLCPCB masu buga fanel. Ka tura musu zanenka, su buga, su ɗauko kayan daga sitonsu, injin ya liƙa, a aiko maka a haɗe. Ga mai yin guda goma ko ashirin, ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Wannan ya kawo ni ga girman jiki. Mafi ƙanƙantar iCE40 faɗinsa milimita 1.4 ne ta kowane gefe, bai kai kan ashana ba, ƙafafunsa kuma 'yan dunƙulen dalma ne a ƙarƙashi. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Fanel ɗinsa sai an huda da leza, ko hantsaki da ƙyar yake kama shi. Nemi UP5K mai ƙafa 48, milimita 7 ta kowane gefe. Wannan hannunka zai iya, da na'urar hura zafi da madubin ƙara girma.

Manhaja ma hidima ce da ya kamata ka auna. Ta kamfanoni yawanci tana da nauyi, wasu sai da lasisin da aka ɗaure wa kwamfuta ɗaya. Amma a 2015 aikin IceStorm ya warware tsarin cikin iCE40, yanzu da manhajojin Yosys da nextpnr kana iya gama komai kyauta a tsohuwar laftof, ba rajista ba lasisi. Gowin ma ya samu irin wannan ta aikin Apicula. Kuma kafin ka kafa zanenka a kan kowane samfuri, duba ko har yanzu ana ƙera shi. Aisin CoolRunner-II na Xilinx ya shekara fiye da ashirin yana cikin na'urorin hannu, amma AMD ya sanar da dakatar da shi a 2024, ga shi har yanzu tsofaffin darussan intanet suna koyar da shi.

Zan sa maka allon koyo biyu a saƙo na gaba, ɗaya na iCE40, ɗaya Tang Nano. Kafin nan ka turo mini girman batirin da za ka sa, da yawan sensa da maɓallan na'urar, da awa nawa kake so ta yi kafin a sake caji. Idan lissafin ya nuna ƙaramar furosesa kaɗai ta isa, zan faɗa maka, don ba kowane aiki ke buƙatar FPGA ba.

Wassalam, naka yayanka.