Na maida 1911 dina .460 Rowland, ga abinda na gani

Kafin komai, a Texas nake zaune kuma anan doka ta yarda da wannan aikin, wato canza wa fistol dina kirar 1911 wasu sassa dan ta rika cin harsashi mai karfi da ake kira .460 Rowland, a gida Najeriya kuwa fistol na cikin makaman da aka haramtawa mutum rikewa, dan haka kada wani ya dauka shawara nake bashi.

Abinda yasa na sayi kit din, wato kwalin kayan canjin, aladun daji ne. Wani abokina nada gona, dare daya zasu shigo su tone masa masara kamar an sa galma, kuma tun 2019 jihar ta cire maganar lasisin farauta akansu indai mai gonar ya baka izini. Muna zagaye da doguwar bindiga amma ina son abinda ke kuguna ya zama mai karfi koda wani ya taso min a kusa. Ita 1911 din da John Browning ya kera .45 ACP take ci, harsashi ne mai nauyi amma baya sauri, mai nauyin giren 230 (giren shine ma'aunin nauyin harsashi) yana fita wajen kafa 850 a sakan. Shi .460 din da Johnny Rowland ya fito dashi karshen shekarun 1990 nauyi daya ne amma yana haura kafa 1,300, wato ya kusa kamo .44 Magnum, harsashin nan mai karfin gaske, kenan a bindigar da ka saba da ita.

Cikin kwalin bututu ne sabo, da kwampenseta, wani karfe mai ramuka da ake daurawa a bakinsa, sai sifirin mai tauri na fam 24 maimakon na 16 da ta zo dashi. Magazin dinka na da shi zaka cigaba da amfani dashi. Dabarar data burgeni itace kwanson .460 yafi na .45 tsawo da dan kadan, da gangan akayi haka dan kar ya shiga bututun da ba nasa ba, domin matsin albarushinsa yana kaiwa psi 40,000 (psi ma'aunin matsi ne), na .45 kuwa 21,000 ne, kusan ninki biyu fa. Ni dai wajen makerin bindiga na kai ya hada min ya duba komai, kuma haka nake so kowa yayi, sannan in jikin bindigarka alminiyom ne ko irin mai arhar nan ka hakura kawai.

To maganar shuri, wadda itace kowa ke tambaya. Gaskiya nayi zaton zata fizge min hannu sama, sai naga ba haka ba, turawa take baya kai tsaye zuwa cikin tafin hannu da karfi, bakin kuma baya tashi sosai saboda ramukan kwampensetar na fitar da iskar sama suna danne shi. Kuma ba dan jin dadinka kadai aka sa ta ba, itace ke rage gudun silaid, wato saman bindigar da ke ja baya in an harba, dan kar ya rika dukan jikin bindigar har ya tsage, wanda ya cire ta dan wai bindigar ta shiga kube wallahi kansa ya cuta. Abinda ya taimakeni shine na kama ta can sama yadda babu rata tsakanin hannuna da wutsiyarta, hannun hagu ya matse fiye da na dama, wuyan hannu a kafe, na dan rankwafo gaba nauyina akan yatsun kafa. In ka tsaya kikam ko ka jingina baya zakaji ta har kafada.

Amma inda take cin mutum a kunne ne. Karar tayi yawa, zakaji iskar na bugun fuskarka, da magariba har wuta kake gani ta tashi sama, na gefenka a filin harbi sai kaga ya juyo yana kallonka. Toshe kunne biyu nake sawa, na ciki da na waje. Kuma wannan karar ce ke sa hannu ya fara zabura tun kafin kunama ta saki, sai kaga harbin na sauka kasa ta hagu, maganinsa ka rika atisaye da bindiga ba harsashi a gida bayan ka tabbatar babu komai ciki, a fili kuma ka cusa harsashin bogi tsakanin na gaske, ranar da ka ja akansa zakaga yadda bakin ke nutsewa da idonka.

Jan silaid din ma yanzu sai da karfi, mai ciwon hannu zai sha wuya. Harsashin ga tsada ga wuyar samu, ba kowane shago ke ajiyewa ba sai dai oda ta intanet, kwanson kuma yana tsalle nesa sai kayi ta nemansa cikin ciyawa in kana tarawa.

Ni ta biya min bukata a gona kuma zan sake saye. Wanda takarda kawai yake harbi ranar Asabar ko gida yake son tsarewa ya bar .45 dinsa yadda take, kudin kit din ya sayi harsashi dasu yayi ta atisaye.