Rodaji a gareji ko a kan kwalta?

Rodaji shi ne lallaɓa inji a farkon aikinsa har sassansa su zauna da juna. Bayan an sake haɗa injin mota mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), wasu makanikai a Maraɗi sukan bar shi yana aiki a tsaye wuni guda. Amfanin hakan ɗaya ne: za a ga inda ruwa ko mai ke yoyo. Minti 20 sun isa. In ya daɗe haka, zoben fistan ba ya zama daram a silinda, injin ya koma shan baƙin mai.

Ni na fi son kwalta. A kama hanyar Tasawa da sassafe, ana sauya gudu da giya, ba a take totur har ƙasa. A juye mai kafin kilomita 1000, sannan a yi maganar ƙara wa turbo ƙarfi.