En-ROADS a ajin MBA: ta fi silaid, amma sai da malami

Masu karatun MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, da aka ɗora musu kwas ɗin kula da muhalli, da malaman da ke fama da yadda za su koyar da shi ba tare da aji ya yi gyangyaɗi ba, ku leƙa En-ROADS. Manhaja ce ta intanet da ke nuna yadda matakai daban-daban ke shafar ɗumamar duniya, kyauta, ko rajista ba sai ka yi ba, Climate Interactive ne suka haɗa ta tare da makarantar kasuwanci ta MIT Sloan da ke Amurka.

Kana buɗewa za ka ga layin ƙarin zafin duniya, a kan yadda yake kafin zamanin masana'antu, yana hawa har zuwa 2100, ya haura digiri 3 in aka ci gaba da tafiya yadda ake yi yanzu, a ƙasa kuma ga maɓallai da kake ja hagu ko dama: kwal, fetur, gas, sola da iska, sare dazuka, harajin hayaƙi (kuɗin da ake ɗora wa masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya) da sauransu. Aikinka ka sauko da layin ƙasa da digiri 2 kamar yadda yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ce. Kana ja, layin yana motsi nan take.

To a nan ne abin ya burge ni wallahi. A ajinmu kusan kowa wajen dashen itatuwa ya fara garzayawa, ai shi ne abin da kamfanoni suka iya, a dasa ƴan bishiyoyi a ɗauki hoto da manaja a sa a rahoton ƙarshen shekara, sai muka ja maɓallin har ƙarshe layin ya ɗan rusuna kaɗan kawai, saboda itace yana ɗaukar shekaru kafin ya girma ita kuwa masana'anta ba ta jira, kullum hayaƙi take yi. Tallafa wa sola shi kaɗai ma bai kai yadda muka zata ba tunda kwal da gas suna nan ana ƙonawa. Wanda ya girgiza layin sosai shi ne harajin hayaƙi, kuma ko shi sai an haɗa da wasu. Babu lakcar da za ta shigar maka da wannan a kai kamar ka ja da hannunka ka gani.

Amma fa lissafin na duniya ne gaba ɗaya, ba za ka zaɓi Najeriya ko Nijar ka ga nasu ba. Kuma ƙara kuɗin mai a allo abu ne mai sauƙi, mu da muka ga yadda kuɗin mota da na abinci suka yi bayan cire tallafin mai a 2023 mun san maganar ba ta ƙare a nan ba. Tambayar mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano, dizal ko sola, shekara nawa kafin kuɗinsa su dawo, wannan sai dai malami ya kawo ta da kansa, in kuwa rago ne ya sake wa ɗalibai manhajar ya zauna to wasa kawai za a yi a tashi.

A laftop ta fi daɗi, allon waya ya yi mata kaɗan. Na ba ta huɗu cikin biyar.