Kaskon Lodge na baƙin ƙarfe da gashin sikon a kan murhu ranar biki

Sikon ("scone" da Turanci) ɗan burodin Turawa ne mai laushi da ake ci da shayi. Wanda ake gasawa a kan murhu abu ɗaya yake nema a wurin kasko: zafi matsakaici wanda zai tsaya cak, ba hawa ba sauka, na tsawon minti goma. Kwaɓinsa yana da kauri, wuta kuma ta ƙasa kaɗai take zuwar masa. In kaskon ya cika zafi, baya ya ƙone ciki na ɗanye. In ya yi sanyi, sikon ya bushe ya yi tauri kafin ya yi ja. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk kaskon da za a saya domin wannan aiki, kuma shimfiɗaɗɗen kaskon kamfanin Lodge mai faɗin inci 10.5, wato kusan santimita 27, ya ci jarrabawar. Sai dai yana da halayen da in uwargida ba ta san su ba, gashin farko zai ba ta haushi.

Mutanen Sikotland ne masu abin. Tun kafin obin ya shiga gidajen talakawa suke gasa sikon a kan faifan ƙarfe da suke kira "girdle", mai mariƙi kamar na bokiti, a rataye shi bisa wuta. Ana shimfiɗa kwaɓin kamar gurasa, a yanka shi gida huɗu. Na da can da garin hatsin oti ake yi, bai cika tashi ba. Laushin da aka san shi da shi yanzu ya samu ne bayan da Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham, ya haɗa bekin foda a 1843. Mutanen Wales suna da nasu mai zabibi da suke gasawa a kan irin wannan faifai, haka ma mutanen Northumberland a arewacin Ingila. Amfaninsa a safiyar biki a fili yake. Ranar Kirsimeti a Birtaniya obin na talo-talo ne tun da sassafe, ba wurin saka wani abu. A Sikotland kuwa, inda sai a 1958 Kirsimeti ya zama ranar hutu, babban shagali shi ne na daren 31 ga Disamba, kuma wanda ya kwana ido biyu karin kumallon da ba zai wuce rabin awa ba yake so. Mai shirin safiyar Sallah da ba ta da obin ma wannan hanya za ta fisshe ta.

Kamfanin Lodge tsoho ne. Joseph Lodge ya kafa shi a 1896 a garin South Pittsburg na jihar Tennessee a Amurka, kuma har yau can ake zuba ƙarfensa na baƙi. Narka ƙarfen ake yi a zuba shi cikin mazubin yashi, shi ya sa in kika shafa fuskar kaskon za ki ji ɗan gurzi-gurzi kamar bayan lemo. Tun 2002 suke gasa masa man girki a masana'anta kafin ya fito kasuwa, don haka baƙi wuluk yake zuwa, a shirye. Nauyinsa kusan kilo biyu. Bakinsa gajere ne ƙwarai, ɗan tudu kawai, mariƙinsa ɗaya, kuma ba ya zuwa da murfi.

Gajeren bakin nan shi ne abin da ya fi burge ni a ƙirarsa. Sikon kafin a juya shi yana da rauni, samansa ɗanyen kwaɓi ne. A kaskon suya mai zurfi dole cokali ya shigo daga sama a karkace, sai ya tokare gefen sikon ya lotsa shi, wurin da ya lotse kuwa ba ya sake tashi. A nan cokali mai faɗi yana shiga a kwance, ya zame ƙarƙashinsa, a ɗaga shi lafiya lau. Sannan tururi ba ya taruwa a kewayensa, gefunan suna bushewa daidai.

Batun zafi kuwa sai an yi bayani, domin nan ake yawan kuskure. Mutane na cewa baƙin ƙarfe yana raba zafi daidai. Ba haka ba ne. Alminiyam ya ninka shi kusan sau huɗu wajen saurin watsa zafi. Ƙwarewar baƙin ƙarfe ita ce riƙewa: in ya ɗauka ya ɗauka, ko an ɗora masa kwaɓi mai sanyi ba ya saurin hucewa. Saboda haka in kika ɗora wannan kasko a kan babbar wuta don ki yi sauri, tsakiyarsa za ta yi zafi jau alhali gefe bai ko ɗumama ba, kuma in kin rage wutar ma sai ya ɗauki mintuna kafin ya sauko. Dabarar ita ce a kunna wuta ƙasa-ƙasa, ƙasa da matsakaici, a bar shi minti takwas zuwa goma babu komai a kai, zafin ya bi jikinsa a hankali har gefe. Ki ɗora shi kafin ki taɓa fulawa. Lokacin da kwaɓi zai haɗu shi ma ya shirya.

Zafin da ake so yana tsakanin digiri 160 da 180 a ma'aunin Salshiyos. In babu abin awo, ki barbaɗa ɗan garin fulawa a tsakiya da kuma gefe. In ya yi ruwan zuma cikin kamar minti biyu, daidai ne. In ya yi duhu nan take har ƙauri ya tashi, ki sauke kaskon ya sha iska minti uku. Ki lura da bambancin garin tsakiya da na gefe, shi zai nuna miki halin murhunki. A murhun gas mai ƙaramin kai, tsakiya kullum tana gaba. A kan gawayi ya fi daidaituwa, muddin an baza garwashin an rufa masa ɗan toka.

Ga awon da ya dace da faɗin wannan kasko, zai ba da sikon takwas: fulawa giram 250, wato kofi biyu, bekin foda cokalin shayi biyu, bekin soda kwatan cokalin shayi, gishiri kwatan cokalin shayi, sukari giram 30, bota mai sanyi giram 50, zabibi giram 50, nono mililita 150. Don ƙamshin biki a ƙara rabin cokalin shayi na garin kirfa, ko a kankare bawon lemo ɗaya a ciki.

Nonon ba canji aka yi don dacewa da namu ba. Abin da Turawan ke kwaɓa sikon da shi tun asali shi ne ruwan madarar da ya rage bayan an kaɗe mai, mai ɗan tsami, wanda shi ne dai nonon da muka sani. Tsaminsa ne ke tayar da sodar. In nonon ya sha ruwa, ki fara da mililita 130 ki ga yadda kwaɓin ya kama. In kindirmo ne mai kauri, ki sassauta shi da ruwa babban cokali biyu ko uku. In kuma madara ce mara tsami, ki cire sodar gaba ɗaya ki mai da bekin foda cokalin shayi uku, don sodar da ba ta sami tsami ba ita ke ba sikon ɗanɗanon sabulu da ɗigo-ɗigon rawaya.

Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da soda da gishiri tare. Ki yayyanka botar ƙanana ki murje ta cikin garin da kan yatsu har ya zama kamar dambu. In ana zafi botar na narkewa a hannu, ki sa ta a firji ta daskare ki goge ta da magogi. Zuba sukari da zabibi, ki yi rami a tsakiya, ki juye nonon, ki haɗa da wuƙar tebur, juyi goma zuwa sha biyar. Da zarar ba busasshen gari ki tsaya. Wannan ba kwaɓin burodi ba ne balle a buga shi, kuma duk murzawar da aka ƙara, danƙon fulawa take tayarwa, sikon ya fito kamar roba. Ki raba biyu, ki danna kowanne da tafin hannu ya zama faifai mai faɗin santimita 16, kaurinsa santimita ɗaya da ɗan ɗoriya, kada ya kai ɗaya da rabi. Ki yanka kowanne gida huɗu da wuƙa mai kaifi, sara ɗaya, ban da gurzawa, don gurzawa na liƙe gefen ya hana shi tashi.

Kaurin nan kada a yi wasa da shi. Sikon na obin ana yanka shi santimita biyu da rabi ko uku saboda zafi na kewaye shi ta ko'ina. Wanda ya kawo wannan kauri kan kasko, ko kaskon na zinariya ne, tsakiyar ba za ta nuna ba.

Mai kaɗan ake shafa wa kaskon, abin da tsumma zai ɗauka kawai, ko a barbaɗa gari. Ki jera huɗun da tsininsu na kallon waje, faffaɗan ɓangaren na wajen tsakiya inda zafi ya fi, ko kuma ki riƙa juya musu wuri bayan minti biyu. Minti huɗu zuwa biyar a fuskar farko. Za ki ga sun kumbura kusan ninki, gefen ya daina sheƙi, wani farin layi na hawa daga ƙasa. In ya kai rabi, lokacin juyawa ya yi. Wasu minti huɗu a ɗaya fuskar, kuma kada a danna su da cokali. Daga nan sai ki tsayar da su a kan gefunan da aka yanka, suna jingine da juna, kamar minti ɗaya kowane gefe. Wanda ya nuna, in kika matsa gefensa da yatsa zai dawo, in kika ƙwanƙwasa bayansa za ki ji kamar ba komai a ciki.

A nan ne kaskon ke nuna darajarsa. Zubi na biyu yana fitowa da launi irin na farko, ja-ja mai ruwan zuma daga tsini har gindi, matuƙar an ɗan ƙara rage wuta, don ƙarfen na ci gaba da tara zafi. Siririn kaskon alminiyam mai rufin hana kamu ba ya iya wannan. Yana zafi da wuri, ya huce da an ɗora kwaɓi, ya sake haurawa, mai girki na ta bin wuta da hannu. Ga shi kuma ba a so a bar irinsa a kan wuta babu komai na tsawon lokaci, rufin na lalacewa. Gurzi-gurzin fuskar Lodge, wanda masu soya ƙwai kan yi ƙorafi a kai lokacin da kaskon yake sabo, ba ya damun sikon, don kwaɓi ne mai gari a jiki, da ɓawon ya kafu yake sakin ƙarfen da kansa. Abin da kan kama shi ne zabibin da ya leƙo waje, sukarinsa ya ƙone ya bar baƙin tabo mai ɗaci. Ki tura duk wanda ya fito ciki da yatsa kafin gashi, ki kuma goge kaskon da busasshen tsumma tsakanin zubi da zubi.

Babban aibinsa ƙanƙanta. Huɗu yake ɗauka a sake, shida in an matsa, kuma matsawar na hana juyawa. Sikon takwas minti ashirin da wani abu ne a kan wuta, ban da ɗumama kasko. Ga gida mai mutum huɗu ya wadatar. Ga gidan da baƙi suka cika ranar biki, mutum goma sha biyar na jiran shayi, za a shafe fiye da awa ɗaya a tsaye. Mai irin wannan gida gara ta nemi dogon faifan gashi mai hawa kan wuta biyu, wanda shi ma Lodge na yi, ko ta haɗa kasko biyu. Mariƙin kuma gajere ne, ƙarfe ɗaya ne da jikin kaskon, yana zafi sosai, dole a riƙe shi da tsumma mai kauri busasshe. Jiƙaƙƙen tsumma tururi yake yi ya ƙona hannu. Rashin murfi ba matsala ba ce, faifan tukunya mai tudu ya isa in sikon ya ɗan yi kauri ana so a taimaka wa cikinsa na minti biyu, amma in aka rufe shi tun farko har ƙarshe ɓawon zai yi laushi ya jiƙe.

Kuɗinsa a Amurka bai kai ko kusa da na ƙarfen Faransa mai rufin tangaran ba, sai dai nauyinsa na sa kuɗin aiko shi ƙasashen waje ya yi yawa. Wadda ke da kaskon ƙarfe mai kaurin gindi, shimfiɗaɗɗe, ko faifan da Indiyawa ke gasa gurasarsu ta capati a kai in mai nauyi ne, ba ta da buƙatar sayen wani don sikon kaɗai. Wadda kuwa siririn kasko kawai take da shi, kuma tana yawan gasa fanke irin na Turawa ko burodi ko gurasar kasko, wannan saye ne da 'ya'yanta za su gada.

Kulawarsa ba wuya, amma ba ya yafe sakaci. Bayan sikon sau da yawa gogewa kawai yake so. In sukari ya ƙone a kai, a bari ya huce, a zuba gishiri mai tsakuwa da ɗigon mai a cuɗa. Ɗan sabulu ba ya cutar da shi, jiƙa shi cikin ruwa ne ke kawo tsatsa. A wanke, a mayar kan wuta minti biyu ya bushe ƙarau, a shafa mai siriri a goge har ya zama kamar ba a shafa ba, don man da ya yi yawa danƙo yake zama. Kada a watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, yana iya tsagewa. Kuma baƙin rufin nan na man da aka gasa masa yana riƙe wari: in an soya kifi ko albasa a kai jiya, sikon na yau zai ɗauka. A daren jajibiri a wanke shi da sabulu, a gasa masa sabon mai, a ajiye.

Da an sauke sikon a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta, tururinsa ya tausasa ɓawon yayin da zubi na biyu ke kan wuta. Ana tsaga shi da hannu yana ɗumi, a shafa bota, a bi da zuma ko jam. In ya kwana zai yi ɗan tauri, sai a tsaga shi biyu a kifa a kan kaskon da ɗan bota, minti biyu, wuta ƙasa-ƙasa.