Wace tukunya ma'aikaci mai son rage ƙiba zai saya?

Ma'aikacin banki da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo bayan isha'i, da ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, duk sun san abincin da ke ƙara ƙiba. Gajiya ce ke kayar da su. Wanda ya shigo gida ƙafafu na zogi ba zai zauna tsince wake ba, sai ya tsaya wajen mai shayi a soya masa indomi da ƙwai, ko ya sayi soyayyar doya da lemon kwalba. A yi haka wata shida, riga ta fara matsewa.

Babu tukunyar da ke narkar da teɓa. Amfanin tukunya mai kyau biyu ne: ka tarar da abinci yana jiran ka lokacin da ba ka da ƙarfin dafawa, kuma abincin ya nuna ba tare da an soya shi ba. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, yana ɗauke da kalori kusan 120, miyarmu kuwa da ludayi ake zuba mata. Farfesun kaza da aka cire wa fata, ko wake da alayyafo, ko miyar taushe da kabewa, duk suna daɗi da cokali ɗaya ko biyu idan an ba su lokaci, albasa da daddawa da citta suka saki ɗanɗanonsu. Tambayar ita ce wace tukunya za ta ba su wannan lokacin alhali kai kana wurin aiki.

Wadda aka fi tallatawa a intanet ita ce tukunyar lantarki mai dafawa a hankali, irin su Crock-Pot. Kasko ne na tangaran mai kauri a cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi. Ka zuba komai da safe, ka kunna, ka tafi. A ƙaramar wuta takan ɗauki awa takwas, a babba kamar awa huɗu. Wani mutumin Chicago, Irving Naxon, shi ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1940, kamfanin Rival kuma ya fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, lokacin da matan Amurka ke ta shiga aikin albashi. Ga nama mai tauri ba ta da na biyu. Naman saniya mara kitse, kaza ta gida, ganda, duk sukan yi lugub, romon kuma ya yi kauri da kansa. Ba ta ƙona abinci, ba ta buƙatar juyawa. Sai dai ruwa ba ya ƙonewa a cikinta, don haka a rage ruwan da aka saba zubawa, a kuma bar ganye irin su alayyafo da zogale sai an dawo, a zuba su minti goma sha biyar kafin a sauke. Shinkafa caɓewa take yi. Tuwo kuwa ba aikinta ba ne.

Amma an ƙera ta ne don ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, kuma wannan shi ne abin da masu talla ba sa faɗa mana. Tana dafawa ne da zafin da bai kai na tafasa sosai ba, a hankali take hawa. Idan aka ɗauke wuta ƙarfe goma na safe aka dawo da ita ƙarfe uku, naman ya yi awanni yana ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa. Ka dawo da yamma ka ga tukunya tana tururi, ƙamshi ya cika gida, ba ka san abin da ya faru da rana ba. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke kula da lafiyar nama da kaji, shawararta ita ce idan wuta ta ɗauke ba ka gida, a zubar da abincin ko da ya yi kama da ya nuna. Wa zai iya zubar da kaza guda a wannan tsadar? Shi ya sa ba na ba kowa shawarar sayenta sai mai sola, ko wanda layinsa ya tabbata, kamar wasu unguwannin da ke rukunin Band A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana.

Ga mai sola kuwa, lissafin yana da kyau. Matsakaiciya tana jan wat 200 ko kusa da haka. A awa takwas ba za ta wuce yunit 1.6 ba. Idan da rana ne, farantin sola na ba da wuta kai tsaye, babu damuwa. Da dare ne take zama nauyi: batir mai volt 12 da 200Ah yunit 2.4 yake ɗauka, irin na dalma kuma rabin wannan ake so a zuƙe. Mai aikin dare da ke son ya ɗora tukunya da magariba ya tarar da safe, ya yi wannan lissafin kafin ya biya kuɗi.

Akwai maganar wake, tunda shi ne abokin mai rage ƙiba, yana riƙe ciki kuma ya fi nama araha. Wasu nau'o'insa, musamman jan wake mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna, suna da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda tafasa kaɗai ke kashe shi, ɗumin tukunyar a hankali ba ya isa. A jiƙa shi, a tafasa shi sosai a kan wuta aƙalla minti goma, sannan a juye. Farin wakenmu ba shi da wannan haɗarin sosai, amma tafasa ɗaya kafin a zuba ba ta da wahala. Haka nama daga firiza, sai ya narke tukuna.

Tukunyar firesha, wadda ke kulle tururi a ciki, akasin tukunya mai dafawa a hankali take bi. Matsin tururin yakan ɗaga zafin ruwa zuwa kusan digiri 120, sai abin da ke cin awa biyu ya nuna cikin rabin awa ko ƙasa. Wake ko ba kanwa, da ganda, da ƙafar saniya, da alkama, duk haka suke nuna a cikinta. Tana hawa kan gas, kan risho, ba ruwanta da wutar lantarki, kuma tana rage kuɗin gas sosai. Ba za ta jira ka da abinci mai zafi ba, dole kana tsaye a kanta. Amma wanda ya ware awa biyu ranar Lahadi zai iya dafa wake, farfesu da miya na kwana uku ko huɗu, ya raba a robobi ya sa a firij. Ga yawancin ma'aikatan Kano, Kaduna, Gusau ko Maraɗi, ita nake ganin ta fi cancanta a fara saya. Mutane da yawa suna tsoron fashewarta, kuma tsoron yana da tushe, domin yawanci toshewar hancin tururi ne ke jawo haɗari. A riƙa duba hancin kafin a rufe, kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, ga wake da hatsi masu kumfa kuwa rabi kawai, kuma kada a taɓa buɗe ta da ƙarfi. Na kamfanonin Indiya irin su Prestige da Hawkins sun daɗe a hannun mutane. Kafin ka saya, tambayi mai shago ko yana da robar murfinta, domin ita ce ke fara lalacewa, tukunyar da ba a samun robarta kuwa ta zama tukunyar ruwan zafi.

Irin Instant Pot, da ta fito daga Kanada a 2010, ta haɗa aikin biyun a na'ura ɗaya, har da dafa shinkafa. Mai lita shida tana jan wat 1,000, amma na ɗan lokaci. Ta fi tsada, kuma sassanta na lantarki ba sa son wutar da ke hawa da sauka. Wanda ke da inbata mai ƙarfi da kuɗin sayenta zai ji daɗinta. Sauran mutane kada su matsa wa kansu.

Wadda ba a cika magana a kanta ba, kuma ta fi dacewa da halinmu, ita ce jakar riƙe zafi. Wonderbag ita ce sananniya. Wata mata, Sarah Collins, ta ƙirƙiro ta a Afirka ta Kudu a 2008, lokacin da ake yawan ɗauke musu wuta. Ka tafasa abinci sosai a tukunyarka ta kullum, minti goma zuwa ashirin gwargwadon irinsa, ka sauke da murfinsa a rufe, ka cusa cikin jakar ka ɗaure. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. Ba wuta, ba gas, ba abin da zai kama da gobara kana ofis. Idan ba a samu ta kamfani ba, tela zai iya ɗinka makamanciyarta da auduga ko soso mai kauri. Sharaɗinta shi ne tukunya ta kusa cika kuma kada a buɗe, domin abinci kaɗan saurin hucewa yake. Idan ka dawo ka tarar zafin ya sauka zuwa ɗumi, sai an sake tafasawa. Ga wanda zai yi awa goma sha biyu a waje, ban amince mata da nama ba; ga malamin makaranta da ke dawowa bayan azahar, ta isa.

A kasuwa, musamman wajen masu kayan gwanjo a Sabon Gari ko Kasuwar Barci, a juya na'urar a karanta takardar da ke ƙasanta. Wadda aka yi don Amurka 120V za ka gani, wutarmu kuwa 220 zuwa 240 ce, ana jona ta za ta ƙone. Ta Ingila ko ta Turai ita ce daidai. A duba kaskon tangaran a haske, ko ƙaramar tsaga ce kada a karɓa. Girma kuma: lita uku zuwa uku da rabi ta ishi mutum ɗaya ko biyu, lita shida ta iyali. Kada mai zaman kansa ya sayi babba don ya ga ta fi kyau, domin ana so a cika ta tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku, kuma wanda ya tarar da tukunya cike bayan yinin yunwa, da wuya ya tsaya a faranti ɗaya.

Saboda haka a haɗa da robobin ajiya masu murfi, huɗu ko biyar, daidai cin mutum ɗaya. Da an sauke abinci a raba shi nan take. Romon da ya kwana a firij kitsensa yakan daskare a sama, sai a kwashe da cokali a zubar. A kula da dunƙulen magi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, dahuwa mai tsawo kuma tana fito da ɗanɗanon daddawa, tafarnuwa da masoro yadda rabin abin da aka saba jefawa ya wadatar. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani ya gaya wa likitansa kafin ya rage yawan abincinsa, tunda wani lokaci sai an sake auna maganin.